Tawul ɗin da bai kai gidan Kuwabara ba

Zuwa ga 'yata Sachie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Osamu da duk mutanen San Paulo can Brazil. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton babanki sai na roƙa muku lafiya. Mu nan Osaka sanyi ya tafi, furen itatuwan sakura ya buɗe har kan rafin bayan kasuwa. Ƙuguna da na buge a banɗaki ya warke sarai, ko da yake na san ba za ki yarda ba, tunda tun daga lokacin kike aiko min hotunan gidajen tsofaffi masu labule mai kyau.

'Yarki Mizuho ta iso lafiya. Rabona da ita tun zuwana wurinku tana 'yar shekara shida, ga ta yanzu ta fi ƙofata tsawo. Kin ce min ta zo ganin fure ne na mako biyu, tunda ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. To Sachie, ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na ɗaga akwatinta. Wace mai kallon fure ce take zuwa da rigar sanyi biyu a watan Afrilu? Na tambaye ta, wai an ce mata iskar nan ba ta da tabbas. Na ce haka ne 'yar nan, mutanen ma haka suke.

Washegari na kwatanta mata jirgin ƙasan da zai kai ta lambun tsohuwar fada, na ce ta je ta sha kallo. Ta dawo da yamma tana wai kai Kaka, kyau kamar a mafarki. Da ta shiga wanka na juya takalmanta a bakin ƙofa. Wanda ya taka lambun nan a makon nan sai ya kwaso fure a tafin takalmi, nata ko ɗaya babu. Kwana uku tana fita, ba ta dawo da ko ɗan alewar tsaraba ba. Abin da take tambaya kuwa, wai wace rana ake fitar da sharar ƙonawa, wace rana ta kwalabe, kuma asibitin da nake zuwa yana da nisa? Na ce ikon Allah, baƙin bana da shara suke hoto? Ta yi dariya irin taki, wadda kike yi in kin fasa kwano kin ɓoye.

Raina ya ba ni cewa kin turo ta ne ta duba min gidan tsofaffi, ta kuma auna ko na fara ruɗewa. Sai na shiga yi mata wasa. Na kira ta da sunanki, na sa tabarau a cikin tukunyar shinkafa, in ga wa za ta buga wa waya. Ja'irar ta ciro tabarau ta goge ta miƙo min, wai Kaka, mai ruɗewa ba ta zaɓar tukunyar da aka wanke. Na ji haushi, amma na ji daɗi. Duk da haka barci bai yi min daɗi ba. Shekara hamsin da ɗaya ina gidan nan, Sachie. Nan na haife ki, nan aka fitar da babanki.

Ran Alhamis sai ga tsohuwa Kuwabara ta gidan bayanmu, wadda kika sani, mai tsaron wurin zuba shara kamar gadon ubanta. Ko zama ba ta yi ba. Wai Tokuko, me na yi miki? Wai gida uku na tsallaken titi sun samu, Hamaguchi mai awara na dama ya samu, na hagu sun samu, ita kaɗai aka tsallake kamar ta mutu. Na ce sun samu me, uwar ƙorafi? Wai tawul mana, a naɗe cikin farar takarda da sunan jikarki a kai, har tana rusunawa tana cewa a riƙe ta da kyau. Na ce ki ce min tawul? Ta ce ko kin kurumce ne?

Kin san wanda ya zo kallon fure ba ya raba wa maƙwabta tawul. Sai wanda ya tare.

Da Mizuho ta dawo na zuba mata shayi, na ce 'yar yawon buɗe ido, nawa ne tawul a kasuwa yanzu? Kofin ya kusa suɓuce mata. Nan ta fasa ƙwai. Wai ba fada take zuwa ba, ofishin unguwa take zuwa da wani asibiti da ya ɗauke ta aikin tafinta saboda 'yan Brazil da ke nan. Wai kun yi ta gardama, ke kina cewa gidan tsofaffi, ita ta ce a ba ta shekara ɗaya ta zauna da ni tukuna. Ta ɓoye ne don ta san zan kore ta, ta ce bari ta fara kama maƙwabta. A wani littafi ta karanta cewa sabon maƙwabci kan kai tawul gida uku na gaba da biyu na gefe, littafin bai san Kuwabara ba. Wai ke ba ki san zancen tawul ba. Wannan kam ban yarda ba, hannunki nake gani a ciki har gwiwa.

Na ce mata ba na son mai gadi. Ta ce ita ma ba ta son kaka mai binciken takalmi. Da safe na sa rigata ta fita unguwa, na je kasuwa da ƙafata, ba sanda, na sayi tawul mafi kauri. Na tasa ta gaba har ƙofar Kuwabara, na danna mata kai ta rusuna yadda ya kamata, na ce ga jikata, a gidana za ta zauna, kwalabe ran Laraba, ta sani.

Saboda haka ki daina aiko min hotunan labule. Ki aiko mata safar sanyi, ta manta.

Ki gaishe da Osamu, da ƙanwarsa Teruko, da ɗanki Renato in ya tuna yana da kaka. Kuwabara na gaishe ki, wai tawul ɗinta ya fi na kowa.

Mahaifiyarki da ba ta ruɗe ba tukuna,
Tokuko