Sanarwar Malam Ya'u

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

An sayar da mu. Haka Barnaba injiniya ya faɗa mini da na iso tasha, yana tsugune gaban janareta, baƙin mai har gwiwar hannu. Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Ashe Alhaji Sani mai tashar ya sa hannu tun kafin Sallah, ya miƙa Rediyon Rumbu ga wani kamfanin Legas da ke bin ƙananan tashoshi yana haɗiyewa. Sun sayi ɗaya wajen Zariya, ɗaya wajen Funtuwa, yanzu mu a Ikara. Ban ga laifin Alhaji sosai ba, kuɗin dizal ya ci ƙarfinsa. Amma ko akuya za ka sayar ai ka shafa bayanta. Ko taro bai kira mu ba.

Na shiga na karanta sanarwar rasuwa kamar yadda na saba. Dangin mamata na tsaye bakin taga da baburansu, suna faɗa mini ina ɗauka. Da na gama aka kashe makirufo.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na je duba Malam Ya'u. Ɓarin jikin nan nasa da ya shanye bai saki ba, sai matarsa Inna Mairama ta tallafe shi yake zama. Shi ya kafa shirin sanarwa, shi ya koya mini, da faɗa da komai. A faɗi mamaci da sunan da garinsu ya san shi. A faɗi wuri da lokacin jana'iza sau biyu. A yi shi bayan asuba kafin mutane su watse gona. Kada a sa kiɗa a bayansa.

Na so in ɓoye masa zancen sayarwar, ashe ya riga ni ji. Ya yi dariya da rabin baki. "Murjanatu, su sayi ƙarfen su sayi ginin. Ni dai alkawarina yana nan ko?"

Na ce yana nan, Malam.

"Na tara wa dubban mutane jama'a. Ranar tawa ke za ki tara mini. Kuma kar ki yi mini kuka a iska, ki ɓata mini suna."

Inna Mairama ta ce ya bar wannan zance. Ni ma na ce ya bari. A hanya na yi ta jin haushinsa, ban san dalili ba.

Talata, 24 ga Yuni

Sabon manaja ya zo, Zayyad sunansa. Na shirya tsanarsa tun daga gida, sai ga shi da ladabi, har rusunawa yake yana ce mini Anti. Abin ya ƙara ba ni haushi.

Daga ɗaya ga wata komai daga ofishin kamfanin na Kaduna zai riƙa fitowa. Mu nan sai dogon ƙarfen eriya da Barnaba mai gadinsa. Sanarwa kuwa a tura ta waya, can su tattara, su tantance, su karanta washegari da safe.

Na ce, Zayyad, a garinku mamaci kwana yake yana jiran a tantance shi? Ya sunkuyar da kai. Ya ce ai yanzu kowa da waya. Na ce ya je Kurmin Kogi da damina ya nemo mini sabis. Manomi wayarsa na shagon caji, rediyonsa na rataye a reshen ɗorawa. Ya ce zai kai maganar sama.

Sama. Ni kuma an ce in zauna ina nemo musu talla a wajen masu taki da maganin feshi.

Litinin, 30 ga Yuni

Sanarwata ta ƙarshe. Wata tsohuwa ce daga Malikanchi, Allah ya jiƙanta. Na faɗi lokacin jana'izarta sau uku, ba wanda ya lura sai Barnaba. Bai yi tsokana ba yau.

Talata, 1 ga Yuli

Na tashi, na yi salla, na ɗaura ɗankwalin fita. Sai na zauna bakin gado.

Juma'a, 4 ga Yuli

Har yanzu suna zuwa taga. Barnaba ya rasa yadda zai yi, ya turo wani mutumin Paki har gidana, ƙafarsa duk laka. Wansa ne ya rasu. Na yi masa bayani, bai gane ba, na sake. Ya ce, "To Malama Murja, ke ba ga ki ba?" Na ba shi ruwa ya sha. Na tambayi sunan wan nasa duk da ba inda zan kai shi. Ikrima mai gyaran injin ban-ruwa. Na faɗa a tsakar gida sau biyu, kaji na kallona.

Na kunna rediyo in ji me suke sawa a lokacina. Wasu yara biyu suna ta dariya kan ƙwallon Turai.

Laraba, 9 ga Yuli

Malam ya rasu. Bayan asuba, Inna Mairama na ba shi kunu.

Ban san yadda na isa tasha ba. Barnaba ya buɗe mini ɗakin, teburin na nan, kujerar na nan, makirufo da na'urar haɗa sauti an kwashe su tun ran Asabar. Ya ce, "Da da waya ɗaya da zan haɗa, wallahi ko korata za su yi sai kin yi magana." Idonsa ja. Tare suka kafa ƙarfen nan da Malam.

Zayyad ya zo a guje. Gaskiya ya yi ƙoƙari, ina ji yana roƙon na Kaduna, suna ce masa shirye-shiryen yau an jera su a kwamfuta. Daga baya ya ce in yi da muryata a wayarsa, zai tura, wataƙila su saƙala kafin hantsi. Na tsaya, na share fuska, na yi yadda aka koya mini. Malam Ya'u mai sanarwa, na Unguwar Liman. Jana'iza yau da ƙarfe biyu a ƙofar gidansa. Sau biyu. Ban yi kuka ba.

Muka zauna a gidan rasuwa da rediyo a kunne. Tallar taliya, tallar banki, waƙa. Hantsi ya wuce. An buga wa wanda aka samu a waya, amma mutane na gona, wasu na kasuwa. Da aka fita da shi na leƙa ta zaure. Sahu uku, na ukun ma bai cika ba.

Ban cika alkawari ba. In rubuta shi ƙarara tunda ba mai gani.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ina wanke-wanke na ji muryata. Sun sa. Yadda na faɗa jiya, ba su taɓa komai ba: yau da ƙarfe biyu. Kwanon ya suɓuce mini. Shekara da shekaru ban taɓa yin sanarwar da ba “yau” a cikinta ba, ko a raina ban kawo in faɗi sunan ranar ba. Su kuma can ba wanda ya san cewa namu ba ya kwana.

Kafin azahar layin Malam ya cika. Daga Paki, daga Kurmin Kogi, daga Malikanchi, har 'yan rake na Makarfi da Kudan a bayan a-kori-kura. Sun ajiye fartanya a tsakiyar noman farko sun taho. Barnaba ya zo ta'aziyya da dattawan cocinsu suka tsaya gefe. Babura har bakin titi. Irin taron da Malam yake so ke nan, ga shi ya zo, shi kuma ya kwana a ƙasa.

Wani tsoho ya gane ni a ƙofar gida. "'Yata, ai da muryar waɗancan yaran na Kaduna ce da mun yi tambaya. Muryarki muka ji." Bai faɗa da faɗa ba. Da ma ya zage ni.

Liman ya ja su maƙabarta suka yi masa addu'a. Inna Mairama ta tsaya bayan labulen zaure tana kallon wucewarsu har na ƙarshe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kin dai tara masa, Murja." Na san lallashi ne. Ihu bayan hari.

Asabar, 26 ga Yuli

Zayyad ya zo gida da lemo a leda, ya ba da haƙuri kan abin da ba shi ya yi ba. Ya ce na sama sun ji labarin taron, sun yi mamakin yawan masu saurare a yankin nan, za su ƙara mana talla. Bai so faɗa ba, na gani a fuskarsa. Na ce ya gaishe su.

Na fara zagayen shagunan taki. Aikin ba wuya. Suna cewa in ɗan yi musu muryar rediyo, ina yi.

Litinin, 4 ga Agusta

Na makara, har rana ta fito. Barci mai daɗi kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Rediyon na ba ɗiyar maƙwabta, ba don komai ba, batir ya yi tsada.

Ina shirin fita na ji babur ya tsaya a ƙofa, mai shi yana sallama, wai an yi rasuwa wajen Kurmin Kogi ko Malama na nan. Na ce ta cikin gida Allah ya jiƙan musulmi, ya je tasha Barnaba zai ba shi lambar Kaduna. Ya ta da babur ya tafi.

Na samu talla biyu yau, mai maganin feshi da mai buhuna. Ruwa ya tare ni a hanya.

Sai da na idar da la'asar na tuna ban tambayi sunan mamacin ba.