Ƙorafi Kan Man Shafar Bakwaini da Laure Ta Musanya

Daga: Balaraba Maigandi, Unguwarzoma,
Shiyar Masu Ƙuli, Birnin Kebbi.

Zuwa ga: Maigirma Babban Likita,
Asibitin Mata da Yara na Bakin Fadama,
Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato.

Litinin, 14 ga Maris, 1988.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA NI SHIGA ƊAKIN BAKWAINI DA HANA SHAFA WA JARIRAI MAI, BISA LAIFIN DA BA NAWA BA

Bayan gaisuwa cikin ladabi da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, ni ce tsohuwar nan da kake iskewa bakin ɗakin bakwaini kana ce mata Inna. Shekarata talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa, kuma ina cikin unguwarzomomin da anka yi wa kwas a 1983 anka ba mu akwati da almakashi. Ban taɓa kai ƙarar kowa ofis ba. Abin da na ji, gidan suna nake kai shi. Wannan kam ya fi ƙarfin gidan suna, shi ya sa na ɗauko biro.

1. A watan Afrilu 1986 Sista Maryamu, shugabar ɗakin, ta aika a kira ni, saboda 'yan bakwainin da ke cikin kwalba fatarsu tana bushewa tana tsagewa, wata har ta yi ruwa. Na nuna mata abin da muke yi a gida: man gyaɗa na farko, wanda ke tsatsowa lokacin da ake murza tunkuza da ruwan zafi, tun gishiri da yaji ba su kusance shi ba. A tace da farin ƙyalle, a zuba a langa mai murfi wadda anka tafasa, a ɗumama shi a tafin hannu, a shafa sau biyu a yini, ban da ido, ban da cibiya. Likitan da ka gada ya duba ya amince. Tun ranar ni ke yin man da hannuna, kusan shekara biyu, ko ƙurji ɗaya ba a gani ba.

2. Ran Litinin 15 ga Fabrairu na bana jikata Ma'u ta haihu wata bakwai, ɗiya mace, anka sa ta kwalba, anka raɗa mata Baiwa. Ran Asabar 27 ga watan anka aiko mini yayata ta rasu a Gulma. Kafin in shiga motar Argungu na cika langa uku, na danƙa su a hannun Laure, mai aikin ɗakin, na ce mata ga amanar yaran nan, ga tawa a cikinsu. Ranka ya daɗe, Laure ba baƙuwata ba ce. Shekara arba'in muna cin tuwo kwano ɗaya. Ni na yi mata hanyar aikin nan. Ni na san abin da ya raba ta da mijinta na biyu, kuma har yau ban faɗa wa kowa ba sai mutum uku.

3. Ran Talata 1 ga Maris baƙi sunka zo daga Sakkwato duba asibiti. Laure ta ji labarin za su tambayi mai yin man, har da ɗaukar hoto. Sai ta kwashe langunana ta kai gida, ta kawo nata mai, wanda ta riga ta toya ƙuli a cikinsa da gishiri da barkono da citta, don ya fi ja ya fi ƙamshi. Ta ɗaura sabon ɗankwali, ta tsaya gaban baƙi ta ce man nan nata ne, gadon kakarta ne. Kakar da na sani ko gyaɗa ba ta iya ɓarewa ba. Uwaye uku sun ji da kunnensu, Ma'u ta huɗu. Ma'u ta ce ta ji ɗakin yana ƙamshin ƙuli, amma yarinya ce mai kunya, ba ta iya musa wa aminiyar kakarta gaban manya ba. Duk macen da ta taɓa riƙe muciya ta san man suya ba ya hawa fatar da ko gashi ba ta gama fitarwa ba. Laure ta sani. Ni na koya mata.

4. Daga Laraba zuwa Alhamis jarirai huɗu sunka yi jawur, fatar bayan Baiwa ta saluɓe. Da ka shigo kana tambaya, man da ran Talata yake na Laure sai ya koma na Balaraba. Laure ta ce maka na tsufa, idona ya mutu, ban san abin da nake zubawa ba. Sista Maryamu tana tsaye ran Talata, tana tsaye ran Alhamis, ta ji magana biyu daga baki ɗaya, ta sunkuyar da kai tana gyaran hula. An ce hoton da anka ɗauka tana ciki, kusa da Laure. An ce ne, ban gani ba.

5. Na dawo ran Jumma'a 4 ga Maris, da ƙullin busasshen kifin Argungu da na sayo wa Laure tsaraba. Maigadi ya tare ni, ya nuna mini takarda a ƙofa da sunana da hatiminka. Ina tsaye ina haɗa baƙaƙen sai ga Laure da bokiti. Ta bi ta gefena har zanenta ya shafi nawa, ba ta ɗago ba. Washegari na bi ta gida. Da ta ji sallamata ta shige makewayi, ta ƙi fitowa har na gaji da zama. Ina zaunen na hango langunana uku ƙarƙashin gadonta, biyu cike, ko murfi ba a buɗe ba. Na ɗauki abina, tunda nawa ne. Na kuma ɗebi kaɗan daga tukunyar suyarta, wannan ba nawa ba ne, na amsa. Kifin kuwa na bar mata bisa turmi.

6. Yau kwana goma sha ɗaya ba a shafa wa kowane yaro komai ba. Ma'u ta ce fatar Baiwa ta tsage a wuya da bayan gwiwa, jini yana tsatsowa idan anka juya ta, kuma a ma'auni baya take yi. Nonon uwar ya fara ɗaukewa don kuka. A gari kuma ana cewa Balaraba ta ƙone 'ya'yan mutane. Na san masu faɗa, na san nasu su ma, amma ba wannan ke hana ni cin abinci ba.

Saboda haka nake roƙon alfarmarka cikin ladabi:

Na farko, ga 'yan gwangwanaye biyu tare da takardar nan, ɗaya man langata, ɗaya na tukunyar Laure, ban rubuta suna a kan ko ɗaya ba. Ka lakata da yatsa ka ɗora bisa harshe, ko ka ba masu gwajinku. Wanda ya yi gishiri da yaji, a tambayi uwayen nan huɗu ko shi ne sunka ji ƙamshinsa ran Talata.

Na biyu, a cire takardar nan daga ƙofa, a dawo da shafa mai tun yau, a fara da Baiwa. Ban roƙi a kori Laure ba, tana da marayu a gabanta. Ta dai tsaya inda ta tsaya wa baƙi ta faɗi gaskiya.

Idan kuma hatimin da anka buga ba ya gogewa, to na haƙura da shiga. Zan riƙa kawo langa bakin ƙofa kullum da hantsi in miƙa wa maigadi. Ko Laure ce ta karɓa ta shafa, hannunta yana da taushi, wannan ba zan hana mata ba. Ta ce nata ne, ta ce na kakarta ne, a sake yi mata hoto. A dai shafa wa yarinyar nan.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon duba wannan kuka da idon rahama.

Taka mai biyayya,

Balaraba Maigandi
Unguwarzoma, Shiyar Masu Ƙuli