Haƙorina ya tsira, idona ma haka: godiya da ƙorafi daga wani maɗinki a Agege

Zuwa ga Shugaban Sashen Haƙori na asibitin gwamnati da mutanen unguwarmu ke zuwa.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Ɗanlami, haifaffen Agege, sana'ata surfanin wuyan riga. Da ido nake ci, da shi nake ciyar da iyali. Ka riƙe wannan, domin a kansa maganata take.

Na ɗaya, yadda abin ya faro. Mu maɗinka almakashinmu na kusa shi ne haƙori. Shekara da shekaru da fiƙata ta sama nake tsinke zare, ga alewar minti kullum a kunci don kada barci ya ɗauke ni a kan aiki. Haƙorin ya yi kogo, ya fara zogi da ruwan sanyi, daga baya ko iska ta taɓa shi sai na ji har ƙwaƙwalwa. Na tura kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, duk a banza.

Na biyu, ƙorafina, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bayan ƙaramar sallar bara na zo sashenku. Wani ma'aikaci a ɗakin farko ya leƙa bakina, ya ce cirewa za a yi. Mu kuwa tun muna yara muke ji a bakin manya cewa wanda aka cire wa haƙorin sama idonsa zai mutu. Na tambaye shi da Yarabanci, harshensa, ko gaskiya ne. Yallaɓai, dariya ya yi, har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, ya ce a zo a ji abin da "aboki" ke faɗa, wato ni Bahaushe. Wallahi raina ya ɓaci. Na ajiye katin asibitin na fice, ban samu amsa ba.

Daga nan sai wurin wani mai maganin haƙori da hayaƙi a bayan kasuwa. Ya ƙona wasu 'ya'yan itace, na buɗe baki a kan ƙwarya, ya nuna mini wasu farare a ruwan ƙwaryar ya ce tsutsotsin haƙorin ne suka fito. Tsutsa ta fita, in ji shi, amma kafin mako ya zagayo kuncina ya kumbura har ya rufe idona na dama. An gudu ba a tsira ba! Rigunan mutane na jibge a shago, ni ko kafar allura ba na gani.

Na uku, godiya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Matata ce ta tusa ni a motar haya ta danfo ta dawo da ni wurinku. Wannan karon Allah ya haɗa ni da wata likita, gajeruwa mai tabarau, a ɗakin ƙarshe. Na yi mata tambayar nan ina jiran dariya. Ba ta yi ba. Ta sa aka ɗauki hoton haƙorin, ta nuna mini inda ruɓa ta ci ta kai ga jijiya, da inda mugunya ta taru a saiwa. Ta ce cire haƙori ba ya makantar da kowa, barin mugunyar nan ta hau sama shi ne haɗari ga ido. Ashe abin da nake gudu, zamana a gida ne ke kawo mini shi.

Ta fitar da mugunyar, ta ba ni magani. Da kumburi ya saɓe ta yi mini allurar kashe zafi, ta huda haƙorin, ta zare matacciyar jijiyar da wasu sirara kamar allurar surfani, ta wanke ramin, ta cike. Na yi ta zuwa har ta sa wa haƙorin hula ta rufe shi. Ni na san aikin allura, kuma yabon gwani ya zama dole: hannun baiwar Allahn nan ba ya rawa. Ta kuma hana ni tsinke zare da baki, yanzu almakashi na rataye a wuyana, yaran layi na yi mini tsiya.

Roƙona guda ne, Ranka ya daɗe. Ka ja kunnen ma'aikatan ɗakin farko su riƙa amsa tambayar mara lafiya, ko da a wurinsu shirme ce. Maƙwabcina Baba Isiyaku mai goro yana nan kunci a kumbure, tsoron da na yi shi yake yi. Da ƙyar na shawo kansa, ranar Litinin zan kawo shi. Zai yi tambayar nan, na sani. Dattijo ne, in aka yi masa dariya ba zai sake dawowa ba.

Allah ya saka wa likitar nan da alheri, ya ƙara maka lafiya da basirar shugabanci. Jiya da yamma na zura zare a allura, da idon dama, ban kira kowa ya taya ni ba.

Wassalam.

Naka, Ɗanlami maɗinki, Agege.