Injin da Na Sayo a Dahomi

Bagudo,
12 ga Nuwamba, 1960.

Zuwa ga Yaya Bunyaminu, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, goro kuma yana tafiya. Inna lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwa. An yi girbi, gero ya yi albarka. Matarka Mairama ta fara fita tsakar gida, jikin ya yi sauƙi ƙwarai.

Yaya, a takardata ta baya na gaya maka jaririnka bai zo da rai ba, na tsaya a nan. Ban gaya maka inda motarka take ba ranar da naƙuda ta tsananta. Shi zan faɗa yau, ka yanke mini hukuncin da ka ga ya dace. Ka bar mini motar don in riƙa ɗaukar kaya zuwa kasuwanni, ka kuma ce watan haihuwa kada ta kwana ko'ina sai ƙofar gida. Ka san halinta, da an ɗora buhu goma sai ta kama tari a yashin Lafagu, 'yan kasuwa su sauka su tura, suna yi mini dariya. Dariyar nan ce ta ci mini rai. Da na ji an kwance wata babbar mota a Segbana, can ƙasar Dahomi, sai na tsallaka na sayo injinta. Bijiman nan biyu da Baba ya bar mini na sayar. Ɗanliti makaniki ya rantse kwana huɗu sun ishe shi ya ɗora mata sabon injin, ni kuwa na ƙirga na ga saura wata biyu Mairama ta haihu. Har ina ganin na yi dabara.

Abin da ni da shi ba mu tuna ba, motarka ta Ingila ce, injin kuwa na Faransa, kowa da awon ƙarfensa. Ko noti guda bai hau ba. Sifanar Ɗanliti ma ta ƙi kamawa, sai da na koma Dahomi na sayo tasu. Aka zo ga giyar motar, ta ƙi haɗuwa da injin. Maƙeri ya huda, ya yanke ƙarfen gaban motar don injin ya zauna, da ya zauna kuma nauyinsa ya karya sifirin da ke tallafe da ƙafafun gaba. Na ce a mayar da tsohon injin, Ɗanliti ya ce ai wurin zamansa ne aka yanke. Har kekena na sayar saboda wannan aiki, kwana huɗu suka zama wata biyu.

Ranar da ungozoma ta ce a kai Mairama asibiti, motarka tana kan duwatsu a bayan kasuwa, ba ƙafafun gaba. Na bi gari kaf ban sami wata motar ba, babu mai fita sai ranar kasuwa. A gadon kara muka ɗauke ta zuwa bakin kogi, Hassan masunci ya sa mu a jirginsa zuwa Yawuri. Kwana guda da yini muka yi a ruwa. Malamar asibitin ta ce da mun zo jiya, wataƙila da jaririn ya rayu. Na san rai na Allah ne, Inna ma haka take faɗa mini, amma wallahi Yaya, tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi, kunya kuma ta hana ni shiga sashenku.

Motar ta tashi makon jiya, Ɗanliti ya gwada ta. Tana hawa yashin Lafagu da buhu ashirin ba ta ko nishi. Zuciyata ta ƙi yarda in tuƙa ta, na kulle na ba Inna mabuɗin.

Inna tana gaishe ka, da Barira da yaranta, da Kawu Ɗanmusa. Ka gaishe mini da maigidanka da duk mutanenmu na zango. Mairama ma tana gaisuwa. Jiya ta aiko mini da tuwo, ta ce a roƙe ni kada in rubuta maka wannan magana, wai ita ta yafe, kada ta zama sanadin rabuwar 'yan'uwa. Ban iya cin tuwon ba, sai na ɗauki alƙalami.

Ina jiran amsarka, ko wace iri ce.

Ƙaninka,
Lauwali.