Sawun Ƙafata a Takarda

Daga Jidda, zuwa ga Yaya Tasi'u.

Assalamu alaikum. Yaya Inna da gwiwarta? Yaya Asama'u da yara? Na ji taki ya gagari mutane bana, Allah ya kawo sauƙi.

Ni lafiya lau, sai dai likita ya ce suga ya ɗan hau saboda zaman tuƙi. Kada Inna ta ji. Ya sa ni gudu bayan asuba, minti ɗaya gudu, biyu tafiya. Yanzu ina yin biyar ban tsaya ba!

Ƙafar ce matsala. Ka san ta gidanmu, shimfiɗe kamar faifai. Takalma uku na gwada, duk sun ci mini ƙafa.

Ga takarda nan, na taka na zana sawuna. Ka kai wa Nababa baduku a kasuwar Tsanyawa, ya yanko mini fata mai tudu a tsakiya, irin wadda yake sa wa marigayi Baba a takalmi. Ka ba masu zuwa Umara su kawo mini.

Da na gama zanen na daɗe ina kallonsa. Wallahi sawun Baba ne a kan kunyar gona bayan ruwa. Ka nuna wa Inna, kada ka ce nawa ne.

Ƙaninka,
Hadi