Sun Ce Na Yi Jarumta Irin Ta Manzanni

Tanti Fadila, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Mu Kirista ne, 'yan kaɗan a Matameye, ni ke koya wa yara ranar Lahadi. Kowace shekara ina ba su labarin ƙarshen manzannin Yesu: an gicciye Bitrus kansa a ƙasa, an sare kan Bulus, an kashe Yakubu da takobi. Da can ko rabi ba na kaiwa sai hawaye.

Bana yayana Iliyasu ya rasu. Yana dawowa daga cin rani a Kano, kamyo, babbar motar da suka shiga, ya kife da su. Ina daka aka gaya mini, na ƙarasa dakan. Maƙwabtanmu Musulmi suka cika gidan da gaisuwa, har Hajiyar da ke kusa da mu ta yi ta kuka, ni ina raba ruwa. Na ci tuwo, na yi barci. Har yau ko ɗigon hawaye.

Yanzu fasto ya ce na nuna bangaskiya irin ta manzanni, wai ranar Lahadi in tsaya gaban jama'a in faɗi yadda na jure. Tanti, ban jure komai ba, ba na jin komai ne. In na ƙi, mahaifiyarmu za ta ji ciwo, wannan yabon ne ke riƙe ta. In na tsaya, ƙarya zan yi a ɗakin ibada.

Busasshiya, Matameye

'Yar'uwa, sannu. Allah ya ba ku haƙuri.

Da farko, cire sunan nan na Busasshiya. Zuciya in ta sha duka mai ƙarfi takan yi shiru, ba laifinki ba ne. Fasto ma alheri yake nufi, ya ga waje ne kawai. Ki same shi kafin Lahadi ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Mahaifiya kuwa, zamanki kusa da ita ya fi mata yabon jama'a.

Kin fi ni sanin tarihin, amma ai Yakubun nan yana da ƙane, Yohanna, wanda aka ce ya rayu har tsufa. An faɗi yadda aka kashe yayan, ba a faɗi ranar da ƙanen ya yi kuka ba. In dole sai kin tsaya, labarinsa za ki bayar.

Hawayen za su zo, wataƙila a bakin turmin nan. In sun zo, ki ajiye taɓarya. Allah ya sanyaya miki.