Wa Ke Tashin Ladan

Lahadi, 3 ga Muharram, 1354
Yau na makara. Na rubuta da hannuna don kada in yi wa kaina ƙarya. Ni Aisami, da nake kiran salla a masallacin unguwarmu tun kafin Nasara su kafa bariki a Gure, yau ƙahon sojansu ne ya tashi rabin unguwa. Liman Umara kallona kawai ya yi. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ba tsufa ba ne. Barci ne ya ƙi ni tun rasuwar matata Yabawa, sai gab da asuba ya lallaɓo ya danne ni. Ga kuma zafin bazara. Zan nemi magani, kuma zan samu.

Talata, 5 ga Muharram
Kellu, ƙanwar marigayiya, ta leƙo ta kan darni da tuwon da take aiko mini. Wai, “Mala, idonka ya yi jajir. Ka bar goro bayan la'asar mana.” Na ce mata ni da goro mun san juna tun ba a yaye ta ba.

Ta kawo busasshiyar ɗoɗɗoya, a tafasa a sha bayan lisha. Na gaya mata irin maganin da nake so: wanda zai kwantar da ni da wuri, ya sake ni kafin assalatu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Ganye ya san lokacin salla ne?”

Alhamis, 7 ga Muharram
Ɗoɗɗoya ƙamshi ne kawai. Goro kuwa ban bari ba.

Asabar, 9 ga Muharram
Hammajoda, Bafillace abokin wasana, ya shigo daga wajen Bune da ƙwaryar madara. Tun daga ƙofa ya fara: wai Babarbare ba ya barci sai ubangidansa Bafillace ya ba shi izni. Na ce wanda ke kwana a gindin saniya ba zai koya mini kwanciya ba. Mun yi dariya, ta farko tun da daɗewa.

Nasa maganin: madara mai ɗumi, a shafa man shanu a tafin ƙafa da tsakiyar kai. Na yi. Tururuwa ce ta amfana.

Litinin, 11 ga Muharram
Liman ya aiko da rubutu. Na sha da bismilla. Laifin ba na aya ba ne, idon ne ya ƙi rufuwa. Kellu ta ƙara da hayaƙin kajiji da jema, gidan ya koma kamar ɗakin amarya.

Ma'azu maɗinki ya cika gaishe ni kwanan nan. “Baba Ladan, ina gajiya? Baba Ladan, ya jiki?” Wa ya ce masa jikina na ciwo? Ina jin sa yana gwada murya a rumfarsa in ya zaci ba kowa.

Jumma'a, 15 ga Muharram
Na sake makara. Wannan karon Ma'azu ne ya hau tudun kiran salla ya kira. Tuduna.

Bayan salla Liman ya ja ni gefe. “Ladan, ka huta wa asuba, ka riƙe sauran huɗun.” Na ce sauran huɗun kowa na iya kiransu, ai mutane idonsu biyu. Asuba ita ce ladanci. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ya ce to, amma bai dube ni ba.

Ba zan ba da ita ba. Ko da rarrafe zan hau.

Laraba, 20 ga Muharram
Wani mai magani daga Gidigir, Ɗan Kasuwa suke ce masa, ya ji labarina ya biyo ni har gida. Ya buɗe tsumma, ga wasu 'ya'yan itace ƙanana. Wai kaɗan a cikin fura, sai barci irin na jariri.

Kellu na gani ta dafe ƙirji. “Zaƙami ne wannan, Mala! Hauka yake sa wa, wani ma ba ya tashi. Don Allah zubar.” Na ce nata ganyayen na yara ne, yau zan gwada na manya.

Jumma'a, 22 ga Muharram
Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Maƙogwarona ya bushe, zuciya na dukan ƙirji, bango na tafiya. Sauran ban sani ba. Kellu ce ta gaya mini: da hantsi ta same ni a tsakar gida, rungume da turmin Yabawa, wanda na kifa tun ranar jana'iza na hana kowa taɓawa. Wai ina jijjiga shi ina cewa ya tashi, lokaci ya yi. Ta ɗura mini tsamiya da nono har na yi amai. Asuba biyu Ma'azu ya kira.

Na zuba sauran a wuta. In Ɗan Kasuwa ya sake tako ƙofar nan, sandata na jiran sa.

Asabar, 23 ga Muharram
Kellu ta zo ta zauna, ba ganye ba turare. Ta tambaye ni wa ke tashina da can. Na ce wane irin zance ne, ladan ai shi ke tashin mutane. Ta ce, “Na ji. Shi kuma wa ke tashinsa?”

Yabawa ce. Ba ta taɓa taɓa ni ba, ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya ba ta bari. Daka kawai take farawa tun da sauran duhu, a nan bayan ɗakina. Taɓarya na sauka ina buɗe ido, in yi alwala, in fita. Duk unguwa na cewa Ladan Aisami bai taɓa makara ba. Ni ma na yarda da su.

Kellu ta ce, “Ba barci ya ƙi ka ba, Mala, kai ka ƙi shi. Gadi kake yi, don ba mai tashin ka.” Ta ce in ba ta turmin ta riƙa yi mini dakan. Na ce hannunta ba irin na yayarta ba ne, ta tashi ta ba ni wuri.

Ta fita tana share ido. Mace mai surutu.

Talata, 26 ga Muharram
Liman bai jira ƙarshen wata ba. Shi da dattawa suka zo har zaure. Asuba ta koma hannun Ma'azu. Liman ya ce, “Aro ne, Ladan, har ka warware.” Aro! Na san irin aron nan, ba a dawo da shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yau ba zan ma nemi barci ba. Zan zauna in saurari maɗinkin, in tattara kurakuransa in kai wa Liman da safe. Kellu ta aiko da madara da ɗoɗɗoya a ciki. Zan sha don kada ta lalace.

Laraba, 27 ga Muharram
Na sha, na jingina da bango don jira. Shi ke nan abin da na sani.

Kiran salla ne ya tashe ni.

Tunda na zama mutum ban taɓa jin kiran asuba daga gidan nan ba, kullum a bakina yake. Ashe haka yake isowa, siriri, ta saman gorubar Liman, ya sauka daidai inda turmi yake. Yabawa ta sha ce mini in na fara takan tsayar da taɓarya har in gama, wai daga muryata take sanin ko na tashi da fushi. Ina ce mata zancen mata ne. Na daɗe kwance ban motsa ba. Gefen rawanina ya jiƙe. Raɓa ce, ina ji, ko da yake bazara ce.

Na sami sahun farko. Ma'azu ya durƙusa zai gaishe ni, na ce yana jan “hayya alal falah” kamar zare. Kuskurensa ke nan da na samu, shi ma sai da na nema.

Lahadi, 1 ga Safar
Wata ya tsaya. Ina barci. Ɗoɗɗoyar ce ta fara aiki, da ma ganye sai an ba shi lokaci. Liman ya tambaye ni ko na warware. Na ce a bar maɗinkin ya ƙara koyo tukuna, bai isa a sake shi ba.

Da la'asar na tada turmin, na kakkaɓe shi, na mirgina shi zuwa bakin darni. Kellu ta tsaya tana kallona. Na ce mata aro ne.